Yadda Za A Taimaki Macen Da Ba Ta Da Wurin Kwana A Katsina

Duk wanda yake fita da asuba a birnin Katsina, ko yake bi ta bakin tasha da rumfunan kasuwa bayan an watse, ya san akwai matan da dare yake riska ba su da ƙofar da za su rufe. Wasu suna kwana a barandar shaguna, wasu a kangayen da masu su ba su ƙarasa ginawa ba a unguwannin bayan ganuwa, wasu kuma, waɗanda ido bai cika ganinsu ba, suna rarraba kwanakinsu ne a gidajen dangi, yau a nan gobe a can, har ranar da haƙurin masu gidan zai ƙare. Da yawa daga cikinsu hare-haren 'yan bindiga ne suka koro su daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, bayan an kashe mai gida ko an sace shi, an kore dabbobi, an ƙone rumbu. Akwai kuma wadda aka saka da dare aka watso mata kaya waje, da wadda mijinta ya rasu danginsa suka sa gidan a kasuwa tun ba ta fita takaba ba, da wadda kuɗin haya ya gagara tun da tsadar rayuwa ta ƙaru bayan cire tallafin man fetur a 2023, da wadda wata lalura, kamar yoyon fitsari ko taɓin hankali, ta sa nata suka guje ta.

Katsinawa ba sa yi wa irin waɗannan mata rowa. Ana ba su sadakar abinci da tufafi da 'yan kuɗi, musamman ranar Juma'a da watan azumi, kuma da wannan alherin ne da yawansu suke wayar gari. Sai dai matar da aka kai wa tuwo da magariba a kangon nan za ta kwana, kuma baɗi ma a nan za a same ta idan taimakon bai wuce kwano ba. Abin da yake fitar da mace daga wannan hali shi ne mutane kaɗan su ɗauki lamarin mace ɗaya su bi shi har ƙarshe, kuma bisa tsari: a fara jin ta bakinta, a samar mata ɗakin da makullinsa yake hannunta, a nemo mata haƙƙinta idan an danne, sannan a zo maganar jari. Sau da yawa ana farawa ne da keken ɗinki ko buhun gyaɗa, alhali matar ba ta da inda za ta ajiye su ta kwana hankali kwance.

Zuwan farko

Mace ce ya kamata ta fara zuwa wurinta, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai abubuwan da ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba ko da malami ne. Namijin da ya ga halin da take ciki ya tura matarsa ko yayarsa, ko ya sanar da mai unguwa. Zuwansa shi kaɗai, musamman da dare, yana tsorata ta, yana kuma jawo mata zargin da ita ce za ta zauna da shi bayan ya tafi.

A je da rana, mutum ɗaya ko biyu, a yi sallama, a nemi wuri a zauna kusa da ita, kada a tsaya mata a kai. Idan dattijuwa ce a kira ta Inna ko Gwaggo, idan tsara ce a ce mata 'yar uwa, idan kuma an san sunan ɗanta a kira ta da shi. Magana irin wannan ta isa buɗe hira: “Sannu, Inna, ina wuni? Ni maƙwabciyarku ce, a bayan masallacin nan nake. Na ga kwana biyu kuna nan ke da yara, shi ne na ce bari in zo mu gaisa.” Ba dole ba ne ta saki jiki a ranar. Matar da aka kashe mata miji a gabanta, ko wadda ta sha jin alkawarin masu ɗaukar suna ba ta ga komai ba, tana da dalilin yin shiru.

Kada a tsare ta da tambayar abin da ta yi aka sake ta, ko dalilin da ya sa danginta ba su riƙe ta ba. Tambayoyin da suke da amfani su ne a ina ta kwana jiya, ko akwai wanda yake takura mata ko yake bibiyarta, yara nawa ne tare da ita kuma ina sauran, ko akwai mai ciwo a cikinsu, sannan me ita kanta take ganin zai fi yi mata amfani yanzu. Wannan ta ƙarshen ita ce aka fi tsallakewa, alhali amsarta takan bambanta da zaton mai taimako: wata kuɗin mota kawai take nema zuwa wurin ƙanenta a Daura ko Funtuwa, wata kuma ba ta son ko a ambaci garinsu domin daga can ta gudo.

Hoto kuwa, a bar shi gaba ɗaya. Al'adar ɗaukar mace a waya tana karɓar sadaka a watsa a Facebook ko WhatsApp tana tona mata asiri, tana bin 'ya'yanta har girmansu, kuma idan gudun wani azzalumi take yi, hoton nan ne zai nuna masa inda take. Wanda yake son shaida ga waɗanda suka ba da kuɗi ya nuna musu rasit.

Kwanakin farko da lafiyar jiki

Kafin a sami ɗaki akwai abubuwan da ba sa jira: tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti mai murfi, buta, sabulu, zani da hijabi na canji, fitila mai caji, tukunya, da audugar mata, wadda kusan kullum ake mantawa da ita saboda kunya ta hana a roƙa. Da hunturu bargo da rigunan sanyin yara ne a gaba, kuma a ja kunnenta kada ta kwana da garwashi a rufaffen wuri, domin iskar gawayi tana kashe mutum cikin barci ba tare da ya farga ba. Da damina kuma gidan sauro da ruwan sha mai tsafta ne suka fi gaggawa, saboda zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa. Babban taimakon da maƙwabci zai iya yi, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne ya ba ta damar shiga banɗakin gidansa da ɗiban ruwa. Macen da ba ta da makewayi tana jiran duhu ne kafin ta zagaya, kuma a wannan fitar ta dare ce ake yawan cin zarafin mata da 'yan mata.

Akwai lalurorin da dole a bar komai a nufi asibiti: mai ciki da take zubar da jini ko jijjiga ko naƙuda ta yi mata tsawo, da yaron da ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, ya rame, ya daina karɓar abinci, domin waɗannan alamun tamowa ce mai tsanani. Asibitin Turai Umaru 'Yar'aduwa na mata da yara yana cikin gari, haka Babban Asibitin Katsina da Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuma tun 2021 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take kula da yara masu tamowa a jihar kyauta, tare da hukumomin lafiya. Matar da take fama da yoyon fitsari a sanar da ita cewa ciwonta yana gyaruwa da aiki, kuma cibiyar ƙasa ta wannan aikin tana nan Babbar Ruga, inda Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya yi wa mata aiki tun shekarun 1980. Mata da yawa sun rasa aure da muhalli a kan abin da maganinsa yake bakin garinsu.

Idan ta bayyana cewa an yi mata fyaɗe, a kai ta asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana amfani ne idan an fara shi cikin awa 72. A adana tufafin da ke jikinta ba tare da an wanke ba, a bar mata zaɓin kai ƙara, kuma maganar kada ta wuce kunnen wadda aka faɗa wa. A kowane hali a raka ta. Matar ƙauye da ba ta san inda ake yankar kati ba, ba ta da kuɗin Keke Napep, ga goyo ga na hannu, idan aka ce mata kawai ta je asibiti, da wuya ta isa.

Ɗaki

Nan ne ya kamata mafi yawan kuɗi da ƙoƙari su tafi. Macen da take da ɗaki tana iya barin kayanta ta fita nema, 'ya'yanta suna iya zuwa makaranta daga wuri ɗaya, mai ba da bashi ya san inda zai same ta, ita kuma tana samun barcin da zai dawo mata da tunaninta.

Mai unguwa da liman ne suka fi kowa sanin gidan da ke da ɗaki a rufe, don haka da su za a fara. Mafi dacewa shi ne ɗaki a gidan iyali, ko gidan wata dattijuwa da 'ya'yanta suka yi aure suka bar mata ɗakuna, inda akwai banɗaki da wurin girki da mata 'yan uwanta. A guji gidan da samari suka yi yawa, a kuma guji ɗaki mai arha a can bayan gari inda babu ruwa babu kasuwa, domin abin da aka rage a haya zai tafi a kuɗin mota, ƙarshenta ta dawo barandar da ta baro. A kai ta ta ga wurin kafin a biya. Idan tana da mutanen ƙauyensu a wata unguwa, a yi ƙoƙari a sa ta kusa da su, saboda su ne masu riƙe mata yaro da zuwa mata barka da gaisuwa.

A biya kuɗin shekara guda idan da hali, a karɓi rasit da sunanta, ba da sunan mai taimako ba, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a sa sabon kwaɗo, a damƙa mata makullin. Wannan rasit da makulli su ne bambancin mai haya da 'yar alfarma, wadda za a iya cewa ta tashi ranar da aka ɓata da ita.

Idan kuɗin haya bai samu ba tukuna kuma a kango take zaune, a nemo mai kangon a nemi izininsa a gaban mai unguwa, da wa'adin da ya amince, sannan a sa ƙofa da sakata a ɗaki ɗaya, a toshe tagogi, a gyara rufin, a haƙa masai. Masu kangaye da yawa suna yarda, domin zaman mutane yana hana ɓarayi da 'yan shaye-shaye mayar da wurin matattara. Ina kira ga mai irin wannan gini, idan ya tashi ci gaba da aiki, ya ba da sanarwar wata biyu ko uku, kada mata da yara su wayi gari su ga motar bulo a ƙofa.

Wanda yake son ya ajiye ta a gidansa ya yi abin yabo, amma ya fara shawara da iyalinsa, musamman uwargida, a kuma faɗi tsawon zaman tun farko, ko wata uku ne ko shida. Kada zaman ya rikiɗe ya zama bauta, a mayar da ita mai wanke-wanke da surfe da raino ba ko sisi, da sunan ai ci da kwana take yi. Idan aiki za ta yi a yanka mata albashi. Dole kuma a faɗi wata magana a fili: akwai mazan da suke biyan haya ko kawo abinci don neman wani abu daban, akwai kuma masu gaggawar haɗa ta aure da duk wanda ya samu domin a huta da nauyinta. Aure alheri ne idan ita ta so kuma an yi bincike, amma auren da yunwa ta ɗaura yakan mutu da wuri, ta dawo titi da ƙarin ciki ko goyo.

Mutum ɗaya yakan gaji, shi ya sa ya fi kyau gida biyar zuwa goma su haɗu, ko ajin matan Islamiyya, ko 'yan adashi ɗaya, ko jama'ar masallacin unguwa. A naɗa ma'aji, a sayi littafin da za a riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a raba aiki: wannan ta riƙa leƙa ta duk mako, wancan ya bi maganar kotu, waccan ta kula da makarantar yara. Masu fitar da zakka su duba wani abu. Maimakon a tsinka zakkar shekara a raba wa taron jama'a abin da ba zai kai su mako ba, malaman mazhabar Malikiyya sun halatta a ba matalauci ɗaya abin da zai ishe shi shekara. Zakkar ɗan kasuwa ɗaya tana iya biyan hayar mata biyu ko uku, zakkar manomi ɗaya kuma ta ciyar da su gero da masara har kaka. Tun da zakka haƙƙin wanda aka ba ce, a damƙa mata kuɗin ko ta wakilta wanda zai biya a madadinta. Mai wadatar da yake neman sadaka mai gudana kuwa ya yi wakafin gida mai ɗakuna don irin waɗannan mata, ya rubuta, ya kafa shaidu, ya sanar da Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha domin kada magada su mayar da shi gado.

Haƙƙin da aka danne

Mata da yawa da suke kwana a waje suna da haƙƙin zama a wani gida, ba su sani ba ne kawai, ko sun sani ba su da mai tsaya musu. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga gidanta a lokacin idda, sai idan ta zo da alfasha bayyananniya. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na jihar nan suke aiki da shi, wadda aka yi wa saki na kome tana da wurin zama da ciyarwa har ta gama idda, wadda sakinta ya yanke tana da wurin zama, idan kuma tana da ciki ciyarwarta tana kan mijin har ta haihu. Renon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, na 'ya mace har ta tare a gidan mijinta, matuƙar babu abin da ya kawar da wannan haƙƙi, kuma ci da sha da sutura da matsugunin yaran duk a wuyan uba suke. Al'adar nan ta “tattara naki ya naki ki tafi gidanku”, a haɗa ta da yara huɗu ba ko mudun gero, ba ta da tushe a addini.

Wadda mijinta ya rasu tana takabar wata huɗu da kwana goma a ɗakinta idan gidan nasa ne ko ya riga ya biya haya. Tana da tumunin dukiyarsa, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, kuma idan matan sun fi ɗaya su raba wannan kason a tsakaninsu. Kayan ɗakinta da dabbobinta da abin da ta samu da sana'arta ba sa shiga gado, ragowar sadakin da bai biya ba kuma bashi ne da ake cirewa kafin rabo. Marayunta suna da kaso a gidan da gonar, saboda haka baffan da ya sayar da gida ya bar su a titi dukiyar marayu ya ci.

Hanyar neman haƙƙi tana farawa ne daga dattawan dangi biyu, sai mai unguwa ko dagaci, sai Hukumar Hisba wadda take sasanta irin waɗannan rigingimu, idan duk ya faskara sai kotun shari'a, inda mace take iya shigar da ƙara da bakinta ba sai da lauya ba. Idan shari'ar ta yi nauyi, akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, waɗanda suke tsaya wa marasa ƙarfi ba tare da kuɗin lauya ba. Aikin mai taimako shi ne ya tattara takardar saki idan akwai, ya nemo waɗanda suka halarci ɗaurin aure ko suka san dukiyar mamacin, ya riƙe ranakun zama, ya biya kuɗin mota, domin ɗage shari'a sau biyu ko uku ya isa ya sa matar da ba ta da abin karyawa ta haƙura.

A yi hattara da sulhu. Sulhu alheri ne, amma idan duka da barazanar kisa ne suka fitar da ita, kada a tattara ta a mayar da sunan “ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne”, kada kuma a faɗa wa mijin inda take. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ta ce tana tsoron ranta, a gaskata ta, a bar alƙali ya duba cutarwar.

Takardu ma suna cikin abin da ake rasawa a gudun hijira. A raka ta ta yi rajistar lambar ɗan ƙasa ta NIN, ko a nemo mata lambar idan ta taɓa yi, domin sai da ita ake rajistar layin waya da buɗe asusun banki, kuma yawancin tallafin gwamnati ta nan yake bi. Layin da asusun su kasance da sunanta, lambar sirrin ma ita kaɗai ta sani. A karɓar wa yaran takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Idan rikici ne ya koro ta, a bi ta hannun mai unguwa a kai sunanta ga Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta jiha da Ma'aikatar Harkokin Mata, kuma duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya sa sunanta a jerin masu karɓar tallafi a kai ƙararsa.

Mai taɓin hankali

Matar da take yawo a titi tana surutai ita ce ta fi kowa shiga haɗari, ita ce kuma aka fi gudu. Yara suna jifanta, marasa tsoron Allah suna yi mata ciki. Mafi yawan waɗannan cututtuka, har da ruɗewar da take kama wasu mata bayan haihuwa, suna lafawa da maganin asibiti idan an daure ana sha, farfaɗiya kuma ba hauka ba ce kuma ba a ɗaukarta ta taɓa mai ita. A hana yara tsokanarta, a riƙa ba ta abinci a wuri ɗaya a lokaci ɗaya har ta saba da fuska ɗaya, sannan da sanin mai unguwa da jami'an walwalar jama'a na ƙaramar hukuma a kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan magani. Mari da sarƙa da bulala kuwa zalunci ne. Mutanen jihar nan ba su manta abin da aka gani ba lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Daura da Katsina a watan Oktoba na 2019, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta tanadi kare mutuncin masu wannan lalura. Idan ta fara dawowa hayyacinta ta ambaci garinsu, direbobin tashar da ke zuwa can da cigiya a gidan rediyo sukan kai ga danginta.

Jari da makomar yara

Sai ta zauna a ɗakinta ta huce sannan a zo maganar sana'a, kuma a fara da abin da hannunta ya sani. Matar da ta taso daga Batsari ko Safana ta iya kiwo da surfe da matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura, ta birni kuma wataƙila ta iya awara ko ɗanwake ko kitso ko ɗinkin hula ko haɗa turaren wuta. Koya mata sabuwar sana'a a taron kwana uku ba ya kai amfanin saya mata kasko da mudun waken suya goma ta ci gaba da abin da ta saba. A haɗa jarin da abincin wata ɗaya ko biyu, domin uwar da yaranta suke kukan yunwa dole ta cinye uwar kuɗin, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinta. Bayan haka ku zama masu sayen kayanta, a kan farashin kasuwa kuma da kuɗi hannu, ku faɗa wa masu biki da masu shago, ku sa ta a adashi ƙarami ta zama mai ɗaukar farko.

Yaran kada su zama jarin. Idan aka bar uwa ba mafita, 'yarta ce za ta ɗauki tallar dare a tasha, ko a tura ta aikatau wani gari, ko a aurar da ita tun ba ta isa ba, ɗanta kuma ya shiga bara. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare ya zama kyauta kuma dole a makarantun gwamnati, amma kayan makaranta da littattafai da takalmi suna hana da yawa zuwa. Wani daga cikin masu taimako ya kai su wurin hedimasta da kansa, ya yi magana da malamin Islamiyya a yafe musu kuɗin wata.

Maganar komawa ƙauye ita za a bar wa. Idan an ce hanya ta yi sauƙi, ta fara zuwa ta gani ko ta aika wanda ta amince da shi, kuma a riƙe mata ɗakin har ta tabbata. Wani lokaci kuma za a yi duk abin da ya kamata a sake ganinta tana bara ranar Juma'a, ko jarin ya karye. Kada a yi fushi a janye hannu, a zauna da ita a ji abin da ya faru, domin sau da yawa rashin lafiyar yaro ne ko wani tsohon bashi da ta ji kunyar faɗa.

Idan ya rage wata uku hayar ta ƙare, ma'aji ya kira zama da ita a buɗe littafi, a ga abin da sana'arta take kawowa a mako da abin da take iya ajiyewa. Idan za ta iya biyan rabi, ta biya rabi ku cika, shekara mai zuwa ta ƙara a kan haka. Idan tsufa ko ciwo ya sa ba za ta iya komai ba, a sa hayarta cikin lissafin zakkar unguwa na kowace shekara, a kuma je a sanar da mai gidan tun kafin ya fara neman wani ɗan haya.